Sitiroberin kanti ja ne a ido amma salam a baki: ina ake samun mai zaƙi?

Maman Ummi, Kano

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar kayan lambu, musamman mutanen Filato da masu sana'ar kek, a kan wani abu da ya daɗe yana damuna. Shekarun baya na je Jos bikin ƙanwar maigidana a tsakiyar hunturu, sai uwargidan da muka sauka a wurinta ta kawo mana sitiroberi a ɗan kwanon silba bayan la'asar. Ƙanana ne, wasu ma ba su wuce kan babban yatsa ba, amma tun kafin ta ajiye kwanon ƙamshinsu ya cika ɗakin, kuma da na gatsa ɗaya sai na tarar jajir yake har ciki, ruwansa yana bin yatsuna, ga zaƙi ga ɗan tsami-tsami mai daɗi. Tun daga ranar ban sake cin irinsa ba.

A makon jiya 'yata ta dame ni da roƙo, domin ita a yogot da askirim kawai ta san ɗanɗanonsa, tana son ta ga na ainihin. Na shiga wani babban kanti na sayi roba ɗaya da kuɗin da zai saya mini mudun shinkafa biyu har da canji. Takardar da ke jikin robar ta nuna daga wata ƙasa aka shigo da shi. Manya-manya ne, girmansu ɗaya, suna sheƙi kamar an shafa musu mai. Da muka koma gida na wanke na yanka, sai na ga cikinsa fari fat, ga rami a tsakiya, ga tauri kamar na kokwamba. Babu ƙamshi, babu zaƙi, sai ruwa da ɗan tsami. Yarinyar ta ci rabin ɗaya ta ajiye sauran, kuma raina ya ɓaci ƙwarai, domin na riga na cika mata baki da labarin na Jos.

Na yi tunanin ko bai gama nuna ba ne, sai na ajiye ragowar a kan tebur kwana biyu yadda muke yi wa mangwaro da ayaba. Launinsa ya ƙara duhu, amma zaƙin bai zo ba, kuma a rana ta uku na tarar fumfuna ta rufe waɗanda ke ƙasan robar, dole na zubar. Wannan shi ne karo na uku da haka ta faru da ni. Shin ni ce ban iya zaɓe ba, ko kuwa irin da ake kawowa kantuna dama haka yake? Kuma wace hanya mutum zai bi daga nan Kano ya samu mai kyau, yanzu da muke ƙarshen damina?

Malamin Gona, Zariya

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba rashin iya zaɓe ba ne ya jawo miki wannan, kuma gwajin da kika yi na ajiye shi a kan tebur shi ne ya nuna ainihin matsalar. 'Ya'yan itatuwa kashi biyu ne wajen nuna. Akwai waɗanda ke ci gaba da nuna bayan an raba su da uwarsu, kamar ayaba da mangwaro, saboda suna ɗauke da sitaci mai yawa wanda yake juyewa ya zama sukari ko da suna cikin kwando. Akwai kuma waɗanda ba su da wannan ajiya, irin su lemo, inibi da sitiroberi. Zaƙin sitiroberi daga ganyen shukar yake zuwa, wato abincin da ganyen ya haɗa da hasken rana shi yake bi ta kara ya taru a cikin ɗan, kuma mafi yawansa a kwanakin ƙarshe na nuna yake taruwa. Ranar da aka tsinke karan, wannan hanya ta rufe ke nan. Fatarsa tana iya ƙara ja bayan haka, shi ya sa ido yake ruɗuwa, amma sukarin da ke ciki ba ya ƙaruwa, sai ma raguwa da yake yi a hankali.

Dalilin da ya sa ake tsinke shi da wuri kuwa a fili yake. Sitiroberin da ya nuna lugub a jikin uwarsa laushi gare shi, fiye da kashi 90 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne, ba shi da ɓawon da zai kare shi, kuma ko a cikin sanyi mai kyau bai cika wuce mako guda ba. Wanda zai ɗora shi a jirgi ya bi ta filin jirgin sama, ya kwana a ɗakin ajiya, sannan ya yi kwanaki a kan kanta yana jiran mai saye, dole ne ya cire shi tun da sauran taurinsa. Da yake nunarsa daga tsini take farawa ta hau zuwa wajen ganye, za ki lura wanda aka yi wa gaggawa yakan kasance da fari ko kore-kore a kafaɗarsa, ƙarƙashin koren ganyen nan da ke kansa.

Sai kuma batun iri, wanda a ganina shi ne mutane suka fi mantawa da shi. Sitiroberin da ake nomawa a duniya yau asalinsa haɗi ne na iri biyu na nahiyar Amurka. Wani injiniyan sojan Faransa mai suna Frézier ya kawo wani iri mai manyan 'ya'ya daga ƙasar Chile a shekarar 1714, aka dasa shi kusa da wani iri mai ƙananan 'ya'ya da ƙamshi daga Amurka ta Arewa, sai suka yi barbara a yankin Biritani na Faransa wajen shekarun 1750. Tun daga nan masu fitar da sababbin iri suke zaɓen halin da suke so su ƙarfafa, kuma kasuwar zamani ta fi neman girma, tauri, yawan amfani da jure tafiya. Irin su Camarosa na Jami'ar Kalifoniya da Festival na Jami'ar Fulorida sun bazu a ƙasashen da ke fitar da sitiroberi waje ne saboda suna cika waɗannan sharuɗɗa. Ba wai ba su da daɗi sam ba ne, in an bar su sun nuna sosai suna da nasu zaƙin, amma ba don ƙamshi aka fi zaɓensu ba. Faransawa da suka damu da ɗanɗano suna da Gariguette, wanda cibiyar binciken noma ta ƙasarsu ta fitar a 1976, da Mara des Bois na 1991, waɗanda ƙamshinsu ya yi suna, sai dai laushinsu bai barin a yi doguwar tafiya da su, saboda haka da wuya ki gan su a kantunanmu.

Masana ajiyar amfanin gona suna auna zaƙi da wata 'yar na'ura da ake ɗiga ruwan ɗan itacen a kai, kuma abin da aka saba ba da shawara shi ne kada sitiroberi ya gaza kashi 7 cikin 100 a wannan ma'auni in ana son ya yi daɗin ci. Amma sukari kaɗai ba ya isa. Abin da ya cika ɗakin nan na Jos sinadarai ne masu tashi a iska, an gano sama da 300 a cikin sitiroberi, kuma su ma a ƙarshen nuna suke yawaita. Daɗewa a sanyi yana rage su, cinsa da sanyin firiji a jikinsa kuma yana hana hanci jin ɗan abin da ya rage. Don haka wanda kika saya abubuwa uku ne suka haɗu a kansa: an cire shi da wuri, irinsa na tafiya ne, kuma ya daɗe a hanya. Maganar inda za a samu na gida, na bar wa mutanen Filato, sun fi ni saninta.

Ɗan Bukuru

Hajiya, barka da ƙoƙari. Ni haifaffen Bukuru ne, kuma na yi shekaru ina sarin kayan lambu, har da sitiroberi in lokacinsa ya zo. Wanda kika ci a Jos mai yiwuwa daga Chaha ya fito, wani gari ne kusa da Vom a ƙaramar hukumar Jos ta Kudu, inda nomansa ya zama sana'ar gidaje da yawa. Abin da ya sa yake yin kyau a can shi ne tsayin ƙasar, domin Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma a hunturu rana tana fitowa tar da yini, da dare kuma sanyi yakan sauka har kusan maki 10. Kamar yadda Malam ya bayyana, rana ce ke haɗa sukarin, sanyin dare kuma yana hana shukar ƙone abin da ta tara, sai ɗan ya nuna a hankali ya cika da zaƙi.

Yanzu ba lokacinsa ba ne, kuma duk wanda ya ce zai kawo miki na Jos mai kyau a wannan wata, ki yi hattara. Ana fara samunsa ne wajen ƙarshen shekara, ya yi yawa a Disamba, Janairu da Fabrairu, sannan ya ja baya idan zafi ya shigo wajen Maris zuwa Afrilu. In kin bi tawa, Janairu za ki jira. A lokacin ya fi zaƙi kuma ya fi araha, har a bakin titi za ki ga mata da yara suna sayar da shi a ƙananan robobi.

Bari in faɗa miki abin da na sha gani da idona a gona. Da sassafe ake tsinka, tun hannu yana ƙanƙarewa da sanyi, kuma mai tsinkar takan ajiye kwano biyu a gefenta. Ɗaya na waɗanda suka yi ja amma da sauran fari a wuya, su ne na tafiya, waɗanda za a aika Legas da Fatakwal. Ɗayan kuma na waɗanda suka nuna har ƙarƙashin ganye, da an ɗan matsa su sai su bar ja a yatsa, su ne na ci yau, kuma sau da yawa dillalai ba sa son su saboda tsoron asara. To waɗannan da dillali yake gudu su ne kike nema. Tsakanin Jos da Kano tafiyar rabin yini ce, saboda haka abin da aka tsinka da asuba yana iya kwana a gidanki. Sharaɗin kawai shi ne ki faɗa wa mai aiko miki ƙarara cewa nunanne kike so, ba na ajiya ba, domin in ba ki faɗa ba, na tafiya zai zuba miki, a tunaninsa ya kyauta miki.

Sai dai ba zan ɓoye miki ba, ba kowane sitiroberin Jos ne mai zaƙi ba, kuma a nan nake so in ƙara a kan bayanin Malam. Ko a gona ɗaya ana samun bambanci. Da yake da awo ake saye, wasu manoma suna yawaita takin yuriya da ban ruwa don 'ya'yan su kumbura su yi nauyi, kuma sakamakon shi ne ganye ya yi duhu ya rufe 'ya'yan, su kuma su cika da ruwa su zama lami. Na sha sarin manya masu ban sha'awa masu saye su dawo suna ƙorafi, in sari ƙanana daga wata tsohuwa da takin kaji da na shanu kawai take sa wa, a yi ta nemana a waya. Haka kuma idan an yi kwanaki hazo ya rufe rana, ko ruwan farko ya sauka a kansa a ƙarshen lokaci, zaƙin yakan ragu sosai. Saboda haka sunan gari kaɗai ba ya wadatarwa, ki nemi mutum ɗaya mai amana ki riƙe shi, ki kuma tambaye shi yaushe aka yi feshi na ƙarshe, domin abu ne da ake ci da fatarsa.

Game da aikowa, a nan ne yawancin asara take faruwa. Kada a zuba shi a bokiti ko roba mai zurfi, nauyin na sama yana farfasa na ƙasa. A sa shi a robobi marasa zurfi masu huji, kada ya wuce hawa biyu, a jera su a kwali. A ba motar farko ta safe, kuma a roƙi direba ya ajiye kwalin a cikin mota inda iska take, kada ya sa shi a but a ɗora masa buhun dankalin turawa ko kabeji. Ki tura wanda zai karɓa a tasha da zarar motar ta iso, kada ya zauna a rana. In kika haɗa kai da maƙwabta biyu ko uku kuka yi oda tare, kuɗin motar zai yi muku sauƙi.

Hajiya Mai Kek, Abuja

Maman Ummi, sannu da haƙuri, na san ɓacin ran da kika ji domin ni kusan kowane mako sai na sayi sitiroberi saboda sana'ata, kuma ba ni da damar jiran hunturu idan amarya ta ce a watan Yuli take son a jera mata shi a kan kek. Don haka dole ta sa na koyi zaɓe a cikin abin da ke akwai, kuma zan ce ba duk na kanti ne abin zubarwa ba.

Ni da hanci nake saye. Robobin suna da huji, sai in ɗaga in shinshina, in ban ji ƙamshi ba ko kaɗan sai in mayar, komai kyansa. Daga nan sai in juya robar in duba ƙasanta, domin a can gaskiya take: in akwai jan ruwa da ya kwanta, ko wani ya manne da ɗan'uwansa, ko na hango fumfuna ko da a jikin guda ɗaya ne, to kwanansa ya ƙare, kuma wannan fumfunar tana yaɗuwa cikin dare ɗaya. Ina duba kafaɗar kamar yadda Malam ya ce, in ga ja ya kai har ƙarƙashin ganye, ganyen kuma kore shar yake bai yi yaushi ba. Girma ba ya burge ni, matsakaita nake ɗauka. Kuma na saba da ma'aikatan wurin da nake saye har suna faɗa mini ranar da kaya suke sauka, domin na ranar farko da na rana ta biyar ba ɗaya ba ne, ko da kuɗinsu ɗaya.

Idan kin kawo gida kada ki wanke sai lokacin ci, ruwa yana gaggauta ruɓewarsa. Ki juye shi ki ware wanda ya yi laushi, ki shimfiɗa tsumma mai tsabta a faranti ki jera sauran ba tare da sun hau juna ba, ki sa a firiji. Da yanayin wutarmu, ni ba na yarda ya wuce kwana biyu. In za a ci, ki fito da shi ya sha iska kamar rabin sa'a sanyin ya sake shi, ki wanke da ganyensa a kai, sai bayan nan ki cire ganyen, don kada ruwa ya shiga cikinsa ya ƙara salamtar da shi.

Wanda kuma kika riga kika saya kika tarar ba daɗi, da kin tambaya tun farko da ba ki zubar ba. Ki yayyanka shi, ki barbaɗa sukari kamar cokali ɗaya ko biyu a roba guda, ki matsa lemon tsami kaɗan, ki sa gishiri ɗan mitsitsi, ki rufe ki bar shi minti 30. Sukarin zai jawo ruwansa waje ya zama jan romo mai kauri, naman ya yi laushi, kuma in kin zuba a kan kindirmo mai sanyi yara za su sha su nemi ƙari. In kin ɗora shi a wuta kaɗan ruwan ya ragu, ɗanɗanon yana ƙara fitowa.

Abu na ƙarshe, wanda mutane da yawa ke rainawa, shi ne daskararren sitiroberi na cikin leda. Yawancin wanda nake samu daga Masar yake zuwa, ƙasar da ke kan gaba a duniya wajen fitar da shi a daskare. Da yake ba a tsoron ya lalace a hanya, akan bar shi ya nuna kafin a cire, shi ya sa sau da yawa ya fi ɗanyen kanti zaƙi da ja. Ba ya yin ado, domin in ya narke yakan saki jiki, amma wajen markaɗawa da madara ko yin abin shafa wa burodi na fi yarda da shi a duk watannin da babu na Jos. Ki dai taɓa ledar ki ji ko 'ya'yan a warwatse suke, in sun dunƙule sun zama dutse ɗaya to ya taɓa narkewa aka sake daskarar da shi.

Maman Ummi, Kano

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, na ƙaru ƙwarai. Na gwada dabarar Hajiya Mai Kek ta sukari da lemon tsami da daskararren da na samu, kuma yarinyar ta sha da kindirmo ta ji daɗi. Zan jira Janairu kamar yadda Ɗan Bukuru ya ce, na ma riga na yi magana da matar da ta sauke mu a Jos ta ce za ta nemo mini mai gona. Amma tun da asalin maganar ita ce a bar shi ya nuna a jikin uwarsa, sai wani tunani ya zo mini: shin zai yiwu in dasa kaɗan a tsakar gidana a nan Kano, ko zafinmu ba zai bari ba? Ina da fili a gefen rijiya inda nake shuka alayyafo da latas da rani.

Baban Ali, Yamai

Ina gaisuwa ga kowa. Hajiya, a kan tambayarki ta biyu ina da abin faɗa, domin mu nan Yamai ba mu da tudu irin na Jos, amma muna cin sitiroberi mai kyau da sanyi, kuma wani ɓangare nasa daga Burkina Faso yake shigowa. A Wagadugu, musamman lambunan unguwar Bulmiyugu da ke gefen birnin, an daɗe ana nomansa da ban ruwa, ana girbi daga Janairu zuwa wajen Afrilu, har ana aikawa ƙasashen maƙwabta. Wagadugu kuwa gari ne mai zafi irin Kano, ba tsayin ƙasa ke taimakonsu ba, sanyin hunturu kawai suke kamawa. Na taɓa tsayawa a wani lambu a can da safe, na ga yadda suke bi kunya-kunya da butar ban ruwa, suna ɗaga ganye suna ciro nunannun, kuma wanda aka miƙo mini a wurin ɗanɗanonsa ya yi daidai da yadda kika siffanta na Jos. Saboda haka in latas yana yi a gefen rijiyarki da hunturu, ina kyautata zaton shi ma zai yi.

Malamin Gona, Zariya

Maganar Baban Ali gaskiya ce, Hajiya, zai yi, matuƙar kin ɗauke shi a matsayin shukar hunturu ta lokaci guda. Ya fi son yanayi tsakanin maki 15 zuwa 26, kuma idan zafi ya haura 30 ya zauna, furen yakan ragu, 'ya'yan su ƙanƙance. A Kano damarki tana tsakanin Nuwamba da Fabrairu, saboda haka dashen ya kamata ya shiga ƙasa da zarar zafin Oktoba ya fara sauka. Kada ki wahalar da kanki da ƙwayar iri ta cikin takarda, tana jinkirin tsirowa kuma lokaci zai ƙure miki. Shukar tana fitar da yaɗo wanda yake kafa saiwa ya zama sabuwar shuka, shi manoma suke dasawa, don haka ki roƙi mai gonar nan ta Jos ta aiko miki da dashe daga uwa mai lafiya wadda aka san 'ya'yanta da zaƙi.

Ƙasar ta zama mai sakin ruwa, jigawa da aka gauraya da ruɓaɓɓen taki, domin saiwarsa ba ta jure kwanciyar ruwa. Tukwane ko buhuna sun fi miki sauƙi, saboda kina iya matsar da su inda za su sami ranar safe ta sa'o'i 6 su kuma tsira daga ta azahar. Wurin da aka fi kuskure shi ne zurfin dashe: akwai wani dunƙule tsakanin saiwa da ganye wanda dole ya zauna daidai da fuskar ƙasa, in kin binne shi zai ruɓe, in kin bar shi a sama zai bushe. Ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa a gindin don 'ya'yan kada su kwanta a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ki riƙa ba da ruwa a gindi da safe, ki kuma sassauta shi kaɗan idan sun fara ja. Daga fure zuwa nuna kamar wata guda ne. Tsuntsaye da kaji za su riga ki ganin wanda ya nuna, tsohon gidan sauro yana maganinsu, amma ki riƙa ɗage shi da rana lokacin fure don ƙudan zuma su samu shiga, domin furen da bai sami barbara sosai ba yakan ba da ɗa karkatacce. Gindi 15 ko 20 ba za su cika miki kwano a rana ɗaya ba, sai dai ki riƙa samun 'yan ƙwayoyi kowace safiya.

Maman Ummi, Kano

Assalamu alaikum, na dawo in ba ku labari kamar yadda ya kamata, tun da kun ba ni lokacinku. Ranar Talatar da ta wuce kwalinmu ya iso daga Jos, mu huɗu muka haɗa kuɗi da maƙwabtana. An tsinka da asuba, motar ta taso da hantsi, yaron gidanmu ya karɓo a tasha kafin magariba. Roba ɗaya daga cikin takwas ta ɗan farfashe a ƙasa, ita na dafa da sukari a daren. Sauran lafiya lau suka zo, ƙanana da matsakaita, ba su da kyan gani irin na kanti, wasu ma a karkace suke, amma da na buɗe kwalin a tsakar gida sai maƙwabciyata da ke bakin ƙofa ta tambaya ko turare na fesa. Na yanka ɗaya a gaban Ummi ta ga ja har tsakiya, ta cinye bakwai a tsaye kafin in hana ta saboda abincin dare.

Dashen da aka aiko mini a Nuwamba guda 18 ne, 5 sun mutu a makon farko, ina jin na binne su da yawa duk da gargaɗin Malam. Sauran suna cikin buhuna a gefen rijiya, sun yi fure fari, kuma akwai 'ya'ya uku da suka fara ja daga tsini. Na rufe su da gidan sauro, na kuma ja wa yara kunne cewa babu mai taɓa su sai jan ya kai ƙarƙashin ganye. Malam, ganyen ƙasa na biyu daga cikinsu ya fara yin ruwan ɗorawa a gefe-gefe, shin in cire shi ne ko in ƙara taki?